Shawara Ga Masu Neman Kyanwa Marar Zubar Da Gashi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana na ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa bisa wata dabba da mu ke rainawa, alhali kuwa ita ke gadin abincinmu, watau kyanwa, ko mussa yadda Katsinawa kan ce.

Abin da ya sa ni rubutu, na ga gidaje da yawa sun kori kyanwa saboda gashi. Uwargida ta ce ta gaji da tsintarsa a miya, maigida ya ce ya ɓata masa babbar riga, tsofaffi kuma su ce wanda ya haɗiye shi zai kamu da tarin fuka. To, ƙasarmu ƙasar masara ce da dawa, da kaka kowane gida da rumbu ko buhuna jibge a ɗaki. In kyanwa ta fita ɓera ya shigo, ɓarnarsa kuwa ba ta tsaya ga hatsi ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Barno, wani irin ɓera ke yaɗa shi ta fitsari da kashin da ya ke bari a kan abinci.

Zancen tarin fuka ba shi da tushe. Tun 1882 wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya gano ƙwayar cutar, mafi yawa kuwa daga tarin marar lafiya a ke shaƙarta. Amma akwai 'yar gaskiya ƙarƙashin maganar tsofaffi. Cikin yawun kyanwa da maiƙon fatarta akwai wani sinadari wanda jikin waɗansu mutane ba ya so. In ta lashe jikinta sai ya bushe a kan gashin, ya bi iska, ya sa su atishawa da ƙaiƙayin ido, mai ciwon asma kuwa ya kan tashe shi. Ashe gashin ɗan aike ne kawai. Muzurun da ba a fiɗiye ba ya fi mace yawan wannan sinadari.

Yanzu samari na ganin hoton kyanwowin ƙasashen waje a waya, suna sha'awa. Wadda aka fi marmari ita ce ta Farisa, mai gashi buzu-buzu. Ita ce kuwa uwar zuba, sai an taje ta kullum, in an bari gashin ya cukurkuɗe, ga zafin bazararmu yana wahal da ita. Masu ƙarancin zuba su ne ta Siyam, da Cornish Rex wadda aka samu a Ingila a 1950, mai ɗan gashi nannaɗe. Akwai kuma Sphynx, wadda asalinta birnin Toronto ne na Kanada a 1966, kusan tsirara ta ke. Kada rashin gashinta ya ruɗi kowa. Maiƙon jikinta na ɓata shimfiɗa, sai an riƙa yi mata wanka, rana na ƙona ta, sanyin hunturu na kama ta, sinadarin nan kuma yana nan a yawunta. Ina ruwan manomin Sheme ko na Damari da kyanwar da za a ɗinka wa riga?

A ganina, kyanwarmu ta gida ita ce ta dace da mu. Asalin kyanwowin duniya duka daga kyanwar daji ne ta Afirka da ƙasashen gabas, tamu kuwa ba ta yi nisa da kakarta ba, gashinta gajere ne kwance, ga ta da farauta. In za ka karɓi 'yar kyanwa, bari ta yi mako 8 ko fiye tana shan nono. Dubi uwar, ka shafa bayanta da danshin hannu, ka duba tafinka. Ka zaɓi mai gashi sumul mai sheƙi. Wadda ka ga da tabon sanƙo kewayayye a kai ko a kunne, bar ta sai an yi mata magani, makero ne, yana kuwa kama yara. Launi ma abin dubawa ne, farin gashi ya fi nunawa a kan baƙin yadi.

Duk da haka babu kyanwa mai gashi da ba ta zubarwa. Dabara ita ce ka cire gashin kafin ya faɗi. Sau biyu a mako a fitar da ita tsakar gida a taje ta da ƙaramin mataji, ko a shafe ta da jiƙaƙƙen tsumma. A ba ta tsohon buhu ko zane wurin kwanciyarta ita kaɗai, a riƙa kakkaɓewa a waje. A yayyafa ruwa kafin shara, balle da hunturu, sa'ad da busasshen gashi ke tashi da ƙura. A rufe ƙwarya da faifai, randa da murfi. Tabarma ta fi darduma sauƙin kakkaɓa, kujerar kushin kuwa jiƙaƙƙen hannu ke tattara gashinta, riga kuma a danna mata salatif a ɗaga.

Kyanwa maciyiyar nama ce. In aka bar ta da ɗumamen tuwo kaɗai gashinta ya kan bushe ya yi ta zuba, saboda haka a riƙa ba ta guntun nama ko kifi. Ƙuma ma kan sa ta susa har ta tsige jikinta. A nan ni ke jan kunnen jama'a ƙwarai: kada a fesa mata maganin gona ko fiya-fiya, kada a shafa mata maganin ƙumar kare mai permethrin, kada a ba ta farasitamol, duk suna kashe kyanwa. A nemi malamin dabbobi, shi zai faɗi maganin da ya dace, ya yi mata allurar ciwon hauka, ya kuma fiɗiye muzuru.

Gidan da ke da mai asma, ya je ya zauna kusa da kyanwar a gidan masu ita kafin a kawo ta. In ƙirjinsa ya ɗaure a haƙura, a nemi tarko. In kuwa lafiya, a kawo ta, amma kada ta kwana ɗakinsa.

Haza wassalam.

Wani mai karatu,
Faskari.