A Fara wa Mai Koyo da Abin da Zai Iya Kammalawa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Amma ba'adu, ya ku malamanmu da fatakenmu na Kalgo da Gwandu, ga nasiha a kan abin da za a fara ɗora wa mai koyo.

Ku sani, ba wuya kaɗai ke korar yaro daga karatu ba. Abin da ya fi karya masa zuciya shi ne ya daɗe bai ga ya ƙare kome ba. Don haka ne magabata ba su fara wa almajiri da Baƙara mai ayoyi fiye da 280 ba. Bayan Fatiha sai Nasi mai aya 6, sai Falaƙi mai 5, sai Ƙulhuwa mai 4. Duk ranar da ya biya daidai aka ce ya wanke allo, ƙarfin halinsa ya ƙaru. Haka ɗalibin ilmi yake bin Ahalari da Ishmawi kafin ya taɓa Risala, balle Muhtasar.

Ku dubi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke Gwandu. Bayan ya wallafa babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, sai ya koma ya rubuta Kifayatu Lu'afa'is Sudan, taƙaitacce, bisa riwayar Warshu, domin masu rauni. Saukowar nan ba ta rage masa daraja ba.

Masu sana'a a ƙasashen Turai ma sun gane wannan. Ba mu gwama karatu da kiɗa ba, Allah ya tsare, misali ne kurum. Suna da abin kiɗa mai suna piyano, mai madannai 88. Wani gwaninsu a ƙasar Hangari, Bela Bartok, ya tsara darussa 153 tsakanin 1926 da 1939, ya sadaukar da na farkonsu ga ɗansa. A cikin waɗannan hannu biyu suna tafiya tare kan sauti guda, yatsu biyar ba sa barin wurinsu, har yaro ya ji ya kaɗa abu cikakke.

To, ma'aunin zaɓe uku ne: abin ya zama gajere, sabon abu guda ɗaya tak ke cikinsa, kuma yaro ya iya nuna shi gaban jama'a ba da kunya ba. Kai falke, kada ka damƙa wa yaronka rumfa tun bai iya lissafin faifan goro ba, don in ya yi hasara tun farko zai tsani kasuwa. Da rarrafe yaro kan tashi.

Allah ya ba 'ya'yanmu ilmi mai amfani, amin. Haza wassalam.