Me Ya Sa Muke Son Labarin Ban Tsoro?

Yaro mai sauraron tatsuniyar Dodo yakan manne wa kakarsa, amma da an ce ƙurunƙus sai ya roƙi ƙari. Wannan halin ne ya sa har yau ake karanta Dracula, littafin Bram Stoker na 1897, shi ne kuma ya cika sinimomin Amurka da masu kallon fim ɗin The Exorcist a 1973.

Idan mutum ya firgita, jikinsa kan saki sinadarin adirenalin, gabansa ya faɗi, tsikar jikinsa ta tashi. Amma idan labari ne ko fim, ya san babu abin da zai same shi, shi ya sa yake jin sakayau bayan firgicin ya wuce. Ƙananan yara kuwa ba su gama bambance fim da zahiri ba. Iyaye, a kula da abin da suke kallo.