Gadon Launi a Jikin Maciji

Manomin rani a Kura ko Bunkure, in ya ga mesa a bakin hanyar ruwa, sanda yake nema. A Amurka kuwa, kiwon 'yar'uwarta boa ake yi saboda kyan launinta. Masu kiwon nan sun tabbatar da abin da Mendel ya bayyana a 1866, wato wani launi yakan ɓuya a jini. In aka haɗa namiji da mace masu launin asali, alhali kowannensu na ɗauke da irin zabiya a ɓoye, kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu zabiya ne. Haka abin yake ga ɗan'adam. Don haka in baƙaƙen ma'aurata suka haifi zabiya, zargin uwar zalunci ne, domin rabin gadon daga uban ya fito.