Askar wanzami ba ta buɗe bakin yaro

Da zarar yaro ya shekara biyu bai fara haɗa kalmomi ba, gida ya kasu biyu. Kaka ta ce linzami ne, a kira wanzami ya yanke. Baba ya ce a ƙyale shi, ai namiji ne, shi ma sai da ya shekara huɗu bakinsa ya buɗe. Uwa tana tsakiya, ita ce ke wuni da yaron, ita ce kuma ba a tambaya.

Linzami akwai shi, ba ƙarya ba ne. Tantani ne a ƙarƙashin harshe, idan ya yi gajarta yakan hana jariri kama nono sosai, wani lokaci ya sa wasu haruffa su yi wa yaro nauyi. Amma mai linzami yana magana, ko da ba ta fita tas ba, kuma yana gane abin da aka ce masa. Yaron da za a kira sunansa sau uku bai waiwayo ba, wanda ba ya nuna kofi da yatsa idan ƙishi ya kama shi, wanda za a ce "ɗauko takalminka" ya tsaya yana kallon mutum, wannan matsalarsa ba a harshe take ba. Rediyon da bai kama tasha ba, ko an canja masa lasifika shiru za a ji. Magana ta kunne take shiga, ƙwaƙwalwa ta sarrafa ta, harshe shi ne na ƙarshe a layi. In aka kira wanzami, an zubar wa yaro jini da askar da ba a san inda ta kwana ba, sannan a zauna jiran maganar da ba ta zuwa, wata shida ya wuce a banza.

Shi ya sa likita ke fara cewa a gwada ji. Shawarar da ta yi tsanani a makon haihuwa, sanƙarau, ƙyanda, kunnen da ya daɗe yana zubar da ruwa, duk suna iya rage ji, kuma duk mun san su a Arewa. Tafa hannu a bayan yaro ba gwaji ba ne, don yana iya jin ƙarar tafi da faɗuwar kwano amma ƙananan sautukan magana su wuce shi. Akwai na'urar da ake sa wa jariri a kunne yana barci, cikin 'yan mintuna ta nuna ko akwai abin dubawa. Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa tana Kaduna, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro.

Idan aka kai ga masanin koyar da magana, iyaye da yawa ransu kan ɓaci a ranar farko. Sun biya kuɗin mota, sun bi layi, sai ga shi ba allura ba ƙwaya, ma'aikaciya ta zauna a tabarma tana wasa da ƙwallo. Wasan shi ne aikin. Za ta riƙe ƙwallon kusa da fuskarta, ta ce "ƙwallo", ta yi shiru tana jira. Yaro ya kalle ta, ko ya miƙa hannu, ko ya ce "lo", nan take ta ba shi. Yana koyon cewa sauti yana biyan buƙata. A gida kuwa, saboda tausayi, kafin ya buɗe baki an miƙo masa ruwa, an kuma ba shi waya ya yi shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ce kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allon waya ko talabijin.

Akwai kuma wani masanin, mai koyar da ayyukan yau da kullum, wanda hannu da jiki ne fagensa: yanko lomar tuwo a kai baki, riƙe cokali, sa maɓalli, zama ba tare da kifewa ba. Shi ne kuma ke bin yaron da ba ya cin komai sai koko sannu a hankali, har ya yarda da abinci mai tauri. Awa ɗaya a asibiti ba ta isa. Abin da aka nuna wa uwa, ta maimaita a wajen wanka da cin abinci, shi ke kawo canji.

Masanan nan ba su da yawa, akasarinsu kuma suna manyan birane. Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman an sa mata hannu tun Janairun 2019, amma uwar da ke ƙauye har yanzu wanzami ya fi kusa da ita. Abin takaicin, yaran suna zuwa hannun hukuma da ƙafarsu: rigakafin mako 6, 10 da 14, na wata 9, da na wata 15. Ana ɗora su a sikeli, a rubuta nauyi a kati, a ce na gaba ya matso. Ba kasafai ake tambayar uwa ko ɗanta yana waiwayowa idan ta kira shi ba.