"Ya suma" da "da sauƙi": matsalar harshe wajen auna mai rauni a ka a ƙasar Damargu

A cikin wannan takarda za mu duba wani wuri inda kuskuren fassara ke iya cin rai, wato lokacin da majo ke tambayar wanda ya bugu a ka. Mun ɗauki misalin Falanko, cikin gundumar Tanut, domin nan mai raunin yakan fara isa ƙaramar likita, ko ya faɗo daga babur, ko amalanke, ko raƙumi. Daga nan sai asibitin Tanut, sannan Damagaram, mai nisan kilomita kusan 140 daga Tanut. Shawarar a tura shi ko a riƙe shi tana rataye a kan abin da majo ya ji da kunnensa.

Ma'aunin da aka koya wa majo shi ne na Gilasgo, wanda Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fito da shi a 1974. Abu uku ake dubawa: buɗe ido (maki 1 zuwa 4), magana (1 zuwa 5), motsin jiki (1 zuwa 6). Jimilla tana tsakanin 3 da 15. Daga 13 zuwa 15 rauni ne mai sauƙi, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa mai tsanani. Ido da motsi ba su da ƙabila. Magana kuwa tana da ita, kuma a nan batunmu yake.

Domin mutum ya sami maki 5, dole ya faɗi sunansa, da inda yake, da watan da ake ciki. Da Faransanci aka koyi tambayoyin, da Hausa ake yin su, sau da yawa kuma wanda ke kwance Buzu ne ko Bafillace mai Hausar kasuwa kawai. Manomin da ya ce "watan azumin tsofaffi" bai ruɗe ba, ya ba da amsa daidai da lissafinsa. Matar da ta yi shiru da aka tambaye ta sunan mijinta ko na ɗanta na fari, kunya ce ta hana ta. Idan majo ya rubuta 4 maimakon 5, ya rage maki a banza. Gyaran da aka yi wa ma'aunin a 2014 ya tanadi mafita: in wani abu ya hana a auna sashe, a rubuta cewa bai aunu ba, kada a ƙirƙiro maki.

Kuskuren da ya fi ba mu tsoro shi ne na ɗaya gefen. A duba:

(1) Yaya jiki? Da sauƙi.

Wannan gaisuwa ce, ba bayani ba. Baki ya saba da ita tun ƙuruciya, har mutumin da ya gigice yana iya mayar da ita lafiya lau. Saboda haka a ra'ayinmu amsar gaisuwa ba ta cancanci maki 5 ba. Sai an yi tambayar da ba ta da amsa ajiyayya: daga wane gari aka kawo ka, nan ina ne.

Haka kuma bayanin ƴan rakiya:

(2) Ya suma.
(3) Yana a some.
(4) Ya suma, ya farfaɗo, ya koma.

Jimla ta (2) tana cikin shuɗaɗɗen lokaci, ba ta faɗi ko suman ya ƙare ba. Ta (3) ce ke nuna halin da ake ciki. Ta (4) kuwa ita ce ƙararrawa, amma ba a cika jin ta ba sai an tona, don dangi sukan ɗauki farfaɗowar a matsayin waraka. Akwai jijiyar jini a ƙarƙashin ƙashin gefen kai, gaban kunne. In ta tsage, jini yana taruwa tsakanin ƙoƙon kai da tantanin ƙwaƙwalwa. Mutum yakan tashi, ya yi hira na wasu awoyi, sannan ya fara magagi. Kalmar "barci" ma tana ruɗarwa a nan. "Ya samu barci" albishir ne a bakin Bahaushe, alhali ga majo dalili ne na a tashe shi a sake aunawa.

Shi ya sa awo ɗaya bai isa ba. Ana maimaita shi a kai a kai, a rubuta sa'a, a haska idanu a ga ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa. Raguwar maki, amai a jere, jijjiga, ruwa garau daga hanci ko kunne, mutuwar gefe ɗaya na jiki, kowanne yana nufin a nemi mota nan take. Kafin ta zo, a tsare wuya kada ya motsa, in zai yi amai a juya shi gaba ɗaya kamar gungume, kai da jiki tare. Ba a ɗura wa wanda ke a some ruwa ko rubutu, domin yana iya wucewa huhu. Wannan hani shi ya fi wuyar faɗa wa dangi, kuma "ba a ba shi komi ta baki" ya fi "kada ku ba shi" shiga kunnen dattijo, tunda bai nuna kowa da yatsa ba.