Sunan da Ke Gefen Lamba: Tara Lambobin Yaƙi da Tarihin Yaran Soja a Birtaniya

Tara lambobin yabo na yaƙi sana'a ce kuma sha'awa da ta yi ƙarfi a Birtaniya, inda ake da dillalai da gidajen gwanjo da ƙungiyoyin masana da suka keɓe kansu gare ta, kuma ƙashin bayan wannan kasuwa shi ne lambobin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda aka gwabza daga 1914 zuwa 1918. Dalilin haka yana ga wata al'ada ta hukumar soja ta wancan zamani, wato buga lambar aikin soja da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa a jikin kowace lamba, a gefenta idan mai da'ira ce, ko a bayanta idan mai siffar tauraro ce. Lambobin da Birtaniya ta raba wa sojojinta bayan Yaƙin Duniya na Biyu galibi ba su da suna, shi ya sa masu tarawa ba su cika ɗokinsu ba, domin ƙarfen da ba ya kai mutum ga wani takamaiman soja bai wuce ƙarfe ba a wurinsu.

Lambobin da aka fi samu uku ne: tauraron tagulla na waɗanda suka isa fagen daga a 1914 ko 1915, da lambar azurfa ta halartar yaƙi wadda aka buga kimanin miliyan shida da rabi, da kuma lambar nasara ta tagulla. Iyalan waɗanda suka mutu kuma an aika musu da wani faifan tagulla mai faɗi ɗauke da sunan mamacin ba tare da muƙami ba, don kada a fifita mutuwar hafsa a kan ta kurtu.

Sunan da ke gefen lamba shi ne bakin zaren bincike. Mai tarawa yakan fara da katin rabon lambobi da ke Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kew, sannan ya nemi fayil ɗin sojan, in ya yi sa'a, domin fiye da rabin waɗannan fayiloli sun ƙone a 1940 lokacin da jiragen Jamus suka yi wa London ruwan bama-bamai. Daga nan sai ya gwada shekarun da sojan ya faɗa ranar shiga soja da abin da ke cikin rajistar haihuwa, wadda aka fara a Ingila tun 1837, da kuma ƙidayar jama'a ta 1911, kuma a wannan gwaji ne asirin yara da yawa yake tonuwa.

A dokar wancan lokaci, sai mai shekara 18 ake ɗauka a rundunar ƙasa, kuma ba a tura shi ƙetare sai ya cika 19, amma masana tarihi sun ƙiyasta cewa kimanin yara 250,000 ne suka shiga ba su kai shekarun ba. Ba a neman takardar haihuwa, abin da likita ke dubawa shi ne tsawo ya kai ƙafa biyar da inci uku, ƙirji kuma ya cika awo, sajen da ke ɗaukar kurata kuwa ana ba shi sule biyu da sisi a kan kowane mutum, saboda haka ba shi da wata riba a yawan tambaya. Yawancin yaran talakawa sun bar makaranta suna da shekara 13 ko 14 sun kama aiki a wurare irin su masaƙu da ramukan kwal, don haka albashin soja da abinci sau uku da kaki ba ƙaramin abin kwaɗayi ba ne a gare su, ko da an ajiye batun kishin ƙasa a gefe. Sidney Lewis ya shiga a 1915 yana da shekara 12, ya yi yaƙi a Somme yana da 13, kuma sai da mahaifiyarsa ta aika wa hukuma takardar haihuwarsa sannan aka maido shi gida. Valentine Strudwick bai samu wannan sa'a ba, an kashe shi a Janairun 1916 yana da shekara 15, kabarinsa kuma yana kusa da Ypres a Beljiyam. Sir Arthur Markham, ɗan majalisa mai wakiltar Mansfield, ya daɗe yana matsa wa Ma'aikatar Yaƙi lamba a kan ta sallami irin waɗannan yara, amma abin da ya rage kwararowarsu da gaske shi ne dokar shiga soja ta tilas ta 1916, wadda ta sa ɗaukar kurata ya koma bisa rajista.

Rundunar ruwa kuwa tana ɗaukar yara bisa doka, kuma daga cikinta ne aka sami wanda ya fi kowa suna, Jack Cornwell, ɗan shekara 16, wanda ya tsaya a bakin igwarsa a jirgin HMS Chester a yaƙin Jutland ranar 31 ga Mayu 1916 duk da mummunan raunin da ya ji, ya rasu bayan kwana biyu, aka kuma ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a Birtaniya. Hukuma ta yayata hotonsa a makarantu, abin da ke nuna cewa ƙuruciyar soja a lokacin abin alfahari ce idan ta yi wa farfaganda amfani.

Kasuwa ma ta gaji wani abu na wannan hali, domin lambobin sojan da aka tabbatar yaro ne, musamman idan ya mutu a fagen daga, sun fi na takwaransa baligi tsada nesa ba kusa ba, kuma akwai abin da ke sosa rai a ce ƙarancin shekarun mamaci shi ne ke ɗaga farashi a gwanjo. Tsadar ta buɗe ƙofar algus, har wasu kan goge sunan asali su zana wani, shi ya sa ƙwararru ke auna kaurin gefen lamba su kuma duba salon haruffan. Wani cikas ɗin daga yaran ne da kansu, domin da yawa sun yi amfani da sunan yayyensu ko sunan ƙarya don kada iyaye su gano su, sai lambar ta fito da sunan wani ko sunan da babu mai shi a kowace rajista. Ko rubutun kabari ba ya zama hujja ta ƙarshe: dutsen John Condon a maƙabartar Poelcapelle ya ce shekararsa 14, dubban maziyarta kuma suna tsayawa a kansa, alhali masu bincike da suka duba rajistar haihuwa a garinsu, Waterford, sun nuna cewa ya kai 18.

Sojojin rundunar Nijeriya da suka yi yaƙi a Kamaru da Gabashin Afirka, waɗanda da yawansu Hausawa ne ko masu jin Hausa, su ma sun karɓi lambobi masu suna, kuma sukan ɓulla a gwanjon London. Sai dai hanyar binciken da aka bayyana ba ta aiki a kansu, domin babu rajistar haihuwar da za a gwada da ita, sunan da aka buga kuma sau da yawa sunan yanka ne haɗe da sunan gari, kamar Musa Kano ko Garba Sakkwato, shekarun da aka rubuta wa kurtu kuwa ƙiyasi ne da Baturen da ya ɗauke shi ya yi da ido.