Hukuncin Wanda Ya Riƙe Keken Bashi Bayan Biya Ya Tsaya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya ku malamai da attajirai na Masanawa da Kabo da Gwarzo, ga mas'ala.

Da gwamnatin Kano ta hana 'yan acaɓa ɗaukar fasinja cikin birni a 2013, samari da yawa suka koma karɓar keken A Daidaita Sahu a hannun masu hali, suna biya kaɗan-kaɗan. In biya ya tsaya, sai wani ya gudo da keken ƙauye ya ɓoye, yana zaton nisansa da Kabuga ya fisshe shi.

Ku sani cinikin iri biyu ne. In sayar masa aka yi bashi, keke nasa ne, kuɗi ne a wuyansa. In kuwa haya ce wadda mallaka ba ta tabbata sai da biyan ƙarshe, keke amana ne a hannunsa.

Kasa biya ba sata ba ce. Aya ta 280 cikin Suratul Baƙara ta yi umurni da a saurara wa matsattse har ya sami sauƙi, Risalar Ibn Abi Zaidin kuwa ta hana tsare wanda aka tabbatar ba shi da kome. Amma wanda ya sayar da amanar, ko ya jinginar, ko ya ɓoye ta don ya cinye, ya fita daga babin bashi ya shiga babin ha'inci. Sashe na 312 na Penal Code ya tanadar wa maci amana ɗauri har shekara 7, ko tara, ko duka biyu.

Mai keke ma da nasa haddi. Dokar irin wannan haya ta 1965 ta ce in an biya kashi 3 cikin 5, ba shi da ikon ƙwacewa sai ta hanyar kotu. In ya ƙwace, alkawari ya warware, ya mayar da abin da ya karɓa. Sai dai in biya uku sun wuce, yana iya ɗauke keken ya adana har a gama shari'a.

Saboda haka wanda ya gaza ya tafi da ƙafarsa da shaidu biyu, ya nemi jinkiri ko ya mayar, a rubuta. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba ya zubar da mutunci. Ɓoyon amana ke zubarwa.

Allah Ya rufa mana asiri. Haza wassalam.